Foldar da Ta Ƙi Goguwa

Wata a cikinku ta rubuto min cewa girman kai ne ke damuna. Na gode. Gwaggona ta riga ki faɗa, kuma ita a gabana ta faɗa, bakinta cike da biskit.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekara shida na yi a waje ina koyon haɗa kwamfutoci, wato yadda wannan za ta yi magana da waccan. Wata huɗu ke nan da dawowata. A wata huɗun nan ba wanda ya tambaye ni abin da na karanto. Tambaya ɗaya ake yi min safe da yamma: mene ne aibin Injiniya?

Injiniya mai zanen gine-gine ne. Shekara talatin da bakwai, gemu a gyare, farar mota, turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Gwaggo, yayar Abba, ita ta kawo shi. Sau biyar ya zo gidanmu, sau biyar ina zaune a kujerar kusa da ƙofa ina sauraron labarin benayen da ya zana. Bai taɓa yi min komai ba. Matsalar ke nan. Ba na son sa, kuma ba ni da hujja.

Ranar Lahadi Abba ya kira ni falo. Ya cire gilashinsa ya ɗora a kan jarida.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ce. "Amma manyansa sun nemi zuwa ranar Asabar. Ki ba ni dalilin da zan iya faɗa wa mutane da bakina. In babu, zan ce su zo. 'Bai kwanta min ba' ba magana ba ce."

Ranar Laraba da safe har yanzu ba ni da dalili. Sai ga saƙo ya shigo daga Injiniya:

"Ranki ya daɗe, barka da asuba. Kwamfutocin ofis sun daina ganin juna tun shekaranjiya, aiki ya tsaya cak. Na ce ga gwana a gida, me zai kai ni waje?"

Da hoton fure guda uku a ƙarshe.

Umma tana bayana tana karantawa. Ba ta ɓoye wannan halin.

"A gida," ta maimaita, kamar an ba ta kyauta. "Tashi ki shirya."

Ta shimfiɗa min doguwar riga mai ruwan bula, wadda aka jera wa duwatsu a wuya, da mayafi shara-shara da takalmi mai tsini. Na ɗauko rigata mai ruwan toka, wadda aljihunta ke ɗaukar sukudireba, na sa takalmin roba.

"Haka za ki je? Kamar mai zuwa gaisuwar rasuwa?"

"Ƙarƙashin tebur zan shiga, Umma."

Auta, ƙanwata, tana kwance a gadonta tana danna waya. Shekararta ashirin da ɗaya, tana ajin ƙarshe a jami'a, ɗaki ɗaya muke kwana. Ta tashi zaune.

"Yaya, ofishinsa za ki? Yau?"

"Za ki raka ni ne?"

"A'a. Tambaya kawai na yi." Ta koma ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya.

Ofishin yana hawa na biyu, saman wani shagon tayil. Ɗaki uku ne. Na farko na sakatariya, wata mata da ta manyanta, mai gilashi da igiya a wuya, kowa Malama yake ce mata. Kwamfutar teburinta Windows ce. Na biyu nasa, da kujerar fata da takardun yabo a bango, da siririyar Mac ɗinsa a kan tebur. Na uku sito ne. A can, tsakanin bokitin fenti da karyayyar fanka, wani tsohon akwatin kwamfuta mai Linux yake gurnani. Duk zanen ofishin a cikinsa yake. Sauran biyun daga gare shi suke ɗauka, a cikinsa suke ajiyewa.

A kan akwatin akwai kofi uku da shayi ya bushe a ciki har ya yi gashi. A bayansa kashin ɓera. Kalmar sirri an rubuta ta da biro a takarda an manna a gefe, yadda ko mai kawo ruwa zai karanta. Mutumin da turarensa ke hana ni numfashi a falonmu, ga inda yake ajiye aikinsa na shekara goma.

"Me ka taɓa?" na ce.

"Ni? Ban taɓa komai ba, ranki ya daɗe. Haka kawai suka yi."

Malama ta yi tari.

Ku riƙe wannan: inji ba ya yin haka kawai. Duk wanda ya ce bai taɓa komai ba, abu uku ya taɓa.

Na fara da Mac ɗin. Na aika ta ta nemo akwatin da sunansa, ba ta same shi ba. Na aika ta da lambarsa, shiru. Na duba wayfai ɗin da take kai.

"Wannan na waye?"

"Na masu tayil ne, na ƙasa. Ya fi namu gudu."

"Akwatin yana kan naku. Kai kana gidan maƙwabta kana kiran wanda ke ɗakinka."

Ya yi dariya har da riƙe ƙirji. "Kin ga amfanin boko!"

Na mayar da ita kan nasu. Yanzu ta ga akwatin, amma ya ƙi buɗe mata. Kalmar sirri ba daidai ba.

"Ka canza ta?"

"To... na ga wani bidiyo, an ce a riƙa canzawa saboda ɓarayi."

"Kuma ka manna sabuwar a jikin akwatin."

"Don kar in manta."

Na biyu ke nan. Akwatin makulli biyu gare shi: ɗaya na shiga injin kansa, ɗaya na shiga rumbun da ake raba fayiloli. Na injin ya canza. Sai ya zo ya ba Mac sabuwar kalmar a ƙofar rumbu, ya ce ta riƙe. Ita kuma ta riƙe, tana ta miƙa makullin da ba na ƙofar ba.

Ina cikin goge mata abin da ta haddace wayarsa ta yi ƙara. Wani mai gini ne yake jiransa a ƙasa. Ya gyara hula a madubin bayan ƙofa, ya sake fesa turare, ya juyo.

"Af, akwai wata folda, 'Tsofaffi'. Tsofaffin zane ne marasa amfani. Jiya na sa Malama ta kwashe abin da ke ciki, amma foldar ta ƙi goguwa. Ki taimaka ki share min ita. Babu komai a ciki."

Ya fita.

Na zauna a kujerar Malama don in ga yadda tata take shiga. Na uku ke nan, kuma shi ya fi ɓata min rai. Ba ta da suna, ba ta da kalmar sirri. A matsayin baƙo take shiga, kuma an buɗe wa baƙo kusan ko'ina. Duk wanda ya taɓa samun wayfai ɗin ofishin, direba ne ko mai gadi ko ɗan shagon tayil, zai iya buɗe rumbun ya karanta abin da ya ga dama.

Na buɗe 'Tsofaffi'. Fari fat. Na ce ta gogu, ta ce ba ni da izini. Ashe baƙo yana iya taɓa abin da ke cikin foldar, amma ba ya iya ɗauke ita kanta.

Na koma sito, na ture kofunan da bayan biro, na jawo bokitin fenti na zauna. Daga nan ni ce mai gida, ba ƙofar da za ta ƙi ni. Na ba da umarnin gogewa.

Akwatin ya ce foldar ba fanko ba ce.

Ina so ku ji wannan da kyau, musamman mai cewa ina da girman kai. Ban je neman asirin kowa ba. Shi ya ce in share. Inji ya ce akwai kaya a ciki. Ba na goge abin da ban gani ba. Na ce ya nuna min komai, har da ɓoyayyu.

Fayiloli arba'in da ɗaya suka zubo, ƙanana ƙwarai, kowanne da ɗigo da ɗan layi a gaban sunansa.

Na san su. Idan Mac ta ajiye fayil a rumbun da ba irin nata ba, takan ajiye masa ɗan rakiya a gefe. A cikin ɗan rakiyar take zuba launin da mai ita ya shafa wa fayil ɗin, da bayanin da ya rubuta a kansa. Ita ba ta nuna su. Windows ma a ɓoye take barin su. Da shi ya goge daga Mac ɗinsa, da sun tafi tare. Amma Mac ɗinsa ba ta shiga, sai ya sa Malama. Ita kuma ta goge abin da idonta ya gani. Hotunan sun tafi, 'yan rakiyar sun zauna.

Na ce hotuna, don sunayen ba na zane ba ne.

'Yar likita. Ta banki. Malamar firamare. Bazawara mai shago. Ƙawar matar yaya.

Na buɗe na farko. 'Yar likita, launin ja: "Gidan sun fi ƙarfina. Uwar ta cika sa ido."

Ta banki, ja. Kalma ɗaya: "Haƙora."

Malamar firamare, rawaya: "Gajera. A ajiye tukuna."

Bazawara mai shago, ja: "Ta yi ƙiba tun bayan hoton."

Haka ya jera su, kamar tayil ɗin shagon ƙasa. Na ci gaba, don na san ina ciki.

Ta waje. Hoto ɗaya. Rawaya.

"Ba fara'a. Baƙar magana. Amma za ta riƙe kwamfutocin ofis. Sunan uban zai buɗe ƙofofi. Haihuwa ɗaya za ta sauko."

Ban ji zafi ba. Ƙyama na ji, irin wadda mutum ke ji idan ya taka abu mai laushi da ƙafa ba takalmi. Har na ɗan ji sanyi a raina. Ga dalili, Abba, a rubuce.

Sai na ga layin da ke ƙasa da nawa.

Ƙanwar ta waje, 1. Ƙanwar ta waje, 2. Har goma sha huɗu. Kwanakinsu a warwatse cikin wata biyu, na ƙarshe makon jiya. Duka kore. A duk foldar ba wata kore sai ita.

"Wannan ce. Idan babbar ta ƙi da bakinta, a nemi wannan. Ya fi sauƙi."

Hotona Gwaggo ce ta ba shi, na sani, na ranar dawowata ne. Amma Gwaggo ba ta da hoton Auta goma sha huɗu. Gwaggo ko tura hoto sai an tura mata.

"Kin gani ko?"

Malama ce a bakin ƙofar sito, ta harɗe hannu.

"Kin san abin da ke ciki, Malama?"

"Hotunan na sani. Rubutun ban sani ba, amma na san mai rubutun. Shekara tara ina buga masa takardu." Ta matso, ta ɗora gilashinta a hanci, ta bi sunayen da yatsa har ta tsaya a kan ɗaya. 'Yar sakatariya. "Buɗe min wannan."

"Malama..."

"Buɗe, 'yata. Na girme wa kunya."

Ja. "Kyakkyawa, amma ba zan kira ma'aikaciyata suruka ba."

Ta cire gilashin ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta.

"A bikin buɗe wani gini ya gan ta. Ya ce in turo hotonta, wai wani abokinsa ne ke nema." Ta goge hannu a jikin mayafinta. "Firinta ta dawo aiki?"

"Ta dawo."

"To ai ya kamata a gwada ta."

Na buga jerin, da launuka da bayanai, shafi biyu suka fito. Na farko ya ƙare a kaina. Na biyu duk Auta ce.

Bayan nan na gama aikina, don ba na barin aiki rabi ko na wane ne. Na rufe ƙofar baƙo. Na buɗe wa Malama suna da kalmar sirri tata, shi ma tasa. Na gwada: fayil daga Mac ya bayyana a Windows, na Windows ya buɗe a Mac, kowa na iya gyara na kowa a foldar aiki. Na ɓalle takardar da ke jikin akwatin na yaga. Sannan na share 'Tsofaffi' da duk 'yan rakiyarta, kamar yadda aka roƙe ni. Kofunan ban taɓa su ba.

Ya dawo yana share gumi. Ya danna, zanensa ya buɗe, ya tafa hannu.

"Allahu Akbar! Foldar fa?"

"Ta tafi. Yanzu kam babu komai."

"Ai na faɗa, da ke a ofis ɗin nan na huta." Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa yana murmushi. "Sai dai wannan toka-tokar, ranki ya daɗe. Ranar Asabar a sa mana mai haske."

"Rawaya?"

Ya fara dariya. Dariyar ta tsaya a rabi. Na ɗauki jakata.

Bayan la'asar na isa gida. Gwaggo ta zo, an sauke labulen falo za a wanke saboda Asabar. Tana zaune a kan doguwar kujera ta miƙe ƙafa, Umma tana ninke mayafan kujeru, Abba yana wurinsa da jarida. Auta tana kicin tana haɗa shayi.

"Baturiya an dawo," in ji Gwaggo. "An gyara wa ango?"

Na miƙa wa Abba shafi na farko. Na biyun yana aljihuna, a ninke huɗu. Na yi masa bayani a taƙaice: foldar, launukan, yadda aka yi suka saura. Ya sa gilashi ya fara karantawa.

Gwaggo ta ajiye biskit ɗinta.

"Tsaya. Launi yake ba su?"

"Eh, Gwaggo. Ja, rawaya, kore."

"To ke wanne ya ba ki?"

Na dube ta. Da gaske take tambaya.

"Rawaya."

"To ai ba ja ba ce! Ke da ko murmushi ba kya yi masa? Wallahi ya yi ƙoƙari. Kowane namiji yana da irin wannan a ransa, shi dai rubutawa ya yi. Mutum ne mai tsari."

"Yaya," in ji Abba, bai ɗago ba. Ya kai layina. Na ga leɓensa yana motsi a kan "sunan uban". Ya sake karantawa. Ya ninke takardar, ya sa a aljihun gaba, ya cire gilashi.

"Ki kira su. Ki ce kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

"Haba! Saboda takarda?"

"Na ce ta ba ni dalilin da zan iya faɗa da bakina. Wannan ko faɗarsa ba zan iya ba. Ya isa."

Wata huɗu ina jiran wannan maganar. Na ji kafaɗuna sun sauka.

Gwaggo ta ja tsaki, ta jawo wayarta daga jaka, ta miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ta tsaya, daidai lokacin da Auta ke shigowa da tire.

"Shi ke nan. Ita ta ƙi da bakinta, kowa ya ji. Amma dai gidan nan ba ita kaɗai ce mace ba."

Kofuna suka yi ƙara a kan tiren. Abba ya ce, "Yaya, don Allah." Umma kuwa sai ta bi Auta da kallo, tun daga ɗankwali har ƙafa, irin kallon da take yi wa yadi kafin ta kai wa tela.

Na tashi na shiga ɗaki. Rigar mai duwatsu tana nan a kan gadona yadda Umma ta shimfiɗa ta. Na ture ta na zauna, na cire takalmi. Wayar Auta tana caji a kan gadonta. Ba a yi minti goma ba ta yi haske. Ban taɓa ta ba, ba sai na taɓa ba. Sunan da ke sama "Mai Zane" ne, da fure guda uku.

"Gwaggonku ta kira. Kin ga abin da na faɗa miki? Yanzu hanya ta buɗe. Amma yayarki ta ce miki wani abu?"

Auta ta shigo tana goge hannu da tawul. Ta ga wayar, ta gan ni. Ta tsaya.

"Yaya..."

"Zauna."

Ta zauna a bakin gado. Na zaro shafi na biyu, na warware, na miƙa mata. Na riga na shirya abin da zan ce idan ta fashe da kuka. Ba zan yi mata faɗa ba. Zan ce yarinta ce, zan ce mu yaga takardar, Abba ba sai ya sani ba.

Ta karanta a hankali, tun daga ɗaya har goma sha huɗu. Ta karanta "ya fi sauƙi". Na ga idonta ya wuce ta kai bai tsaya ba. Ya koma sama, kan launin.

Sai gefen bakinta ya motsa.

"Kore ya ba ni?" ta ce. "Ni kaɗai?"

Na tashi, na rufe ƙofa, na murza makulli, na zare shi na jefa a aljihun da sukudireba take.